Yadda Tsarin Fuskar Shafi Ke Mai da Tsofaffin Takardun Tarihi Haja

A cikin watan Agusta na shekarar 2020, kamfanin zuba jari na Blackstone da ke ƙasar Amurka ya ba da sanarwar cewa zai sayi kamfanin Ancestry a kan kuɗi dala miliyan 4,700. Ban da gwajin ƙwayoyin halitta da yake yi wa masu neman sanin asalinsu, babbar hajar wannan kamfani ita ce sunayen mutanen da galibinsu suka daɗe da barin duniya, watau bayanan da aka kwafo daga takardun ƙidayar jama'a, da rajistar haihuwa da aure da mutuwa, da jerin sunayen fasinjojin jiragen ruwa, da takardun ɗaukar sojoji. A lokacin cinikin, kamfanin yana da mutane fiye da miliyan 3 masu biyan kuɗin rajista, kuma abin da yake samu a shekara ya haura dala miliyan 1,000.

Abin lura a nan shi ne, yawancin waɗannan takardu mallakar gwamnatoci ne, kuma da yawa daga cikinsu mutum zai iya zuwa gidan adana takardun tarihi ya karanta ba tare da ya biya ko kwabo ba. Ashe ke nan abin da abokin ciniki yake saye shi ne sauƙin gano mutum ɗaya tak a cikin miliyoyin sunaye, yana zaune a ɗakinsa. Wannan sauƙi kuwa ya rataya ne a kan abin da masana harkar kwamfuta ke kira fuskar shafi, watau duk abin da mai bincike yake gani yake kuma taɓawa: gurbin da zai rubuta suna, da tambayoyin da za a yi masa, da yadda za a jera masa amsa, da abin da za a gaya masa idan ba a sami komai ba. Tarihin wannan sana'a na shekaru ashirin da 'yan kai ya nuna cewa a nan ne ake cin riba, a nan ne kuma ake tafka hasara.

Darasin tsibirin Ellis

Tsibirin Ellis, wanda ke bakin mashigin birnin New York, shi ne babban zangon tantance baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka daga shekarar 1892 zuwa 1954, kuma mutane fiye da miliyan 12 ne suka bi ta cikinsa. A watan Afrilu na 2001, gidauniyar da ke kula da tsibirin ta buɗe shafin intanet mai ɗauke da sunayen fasinjoji da ma'aikatan jirgi kimanin miliyan 22 waɗanda suka sauka a tashar New York tsakanin 1892 da 1924. 'Yan sa-kai kimanin 12,000 na cocin Mormon ne suka shafe shekaru suna kwafo sunayen daga hotunan tsofaffin takardun jirage. Aiki ne na a yaba, jama'a kuma suka yi wa shafin ca tun ranar farko, har ya zama da ƙyar ake samun shiga.

Sai dai waɗanda suka sami shiga sun tarar da wata matsalar. An tsara shafin ne hawa-hawa: mai bincike zai fara rubuta sunan dangi, ya jira amsa, sa'annan ya koma wani shafi ya zaɓi shekara, ya sake jira, ya koma wani ya zaɓi tashar da jirgi ya taso ko sunan jirgin. A wancan zamani da ake shiga intanet ta layin tarho, kowane hawa yana cin lokaci da kuɗi. Bugu da ƙari, wanda bai san yadda aka rubuta sunan kakansa a takardar jirgi ba, kusan a bakin ƙofa yake tsayawa.

A cikin masu wannan bincike akwai wani injiniya mai suna Stephen Morse, wanda shi ne jigo wajen tsara ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Intel 8086 da ta fito a 1978. A cikin shekarar ta 2001, Morse ya tsara wani shafi nasa mai suna One-Step, wanda ya tattara dukkan tambayoyin a fuska ɗaya: suna, da shekarun haihuwa, da shekarar zuwa, da tasha, da jirgi. Mai bincike zai cika abin da ya sani, ya bar abin da bai sani ba, ya danna maɓalli sau ɗaya. Daga baya aka ƙara masa damar neman mutum ta garin da ya fito, ko ta wani ɓangare na sunansa. Morse bai ƙara ko da suna ɗaya a cikin rumbun ba, rumbun gidauniyar yake aika wa tambaya. Amma mutane da dama da suka fid da rai sun gano kakanninsu ta wannan sabuwar ƙofa, har shafin nasa ya zama abin ambato a tsakanin masu binciken asali a ƙasashe da yawa.

Darasin da masu tsara irin waɗannan shafuka suka ɗauka shi ne, ma'aikacin taska yana tunani ne bisa yadda aka jera takardu a kan kanta, shi kuwa mai bincike yakan zo ne da guntun labari: laƙabin da ya ji a bakin kakarsa, da sunan wani ƙauye, da ƙiyasin cewa abin ya faru kafin wani yaƙi. Fuskar shafi mai kyau ita ce wadda ta karɓi wannan guntun labari yadda yake.

Suna ɗaya, rubutu goma

Babbar matsala a taskar tarihin mutane ita ce suna. Jerin fasinjojin da suka isa tsibirin Ellis, alal misali, akawun kamfanonin jirage ne suka rubuta su tun a tashoshin Turai, kowa da yadda kunnensa ya ji da kuma ƙa'idar rubutun harshensa. Bayan shekaru kusan ɗari, mai kwafa ya zo ya karanta rubutun hannun da ya dusashe, shi ma ya ƙara nasa kuskuren. Saboda haka shafin da ya dage sai an rubuta suna daidai harafi da harafi, zai riƙa cewa babu mutum alhali kuwa yana ciki.

Tsohuwar dabarar magance wannan ita ce Soundex, wadda Robert Russell ya yi wa rajistar mallaka a Amurka a 1918, aka kuma yi amfani da ita a shekarun 1930 wajen yi wa tsofaffin takardun ƙidayar ƙasar fihirisa. Dabarar tana riƙe harafin farko na suna, ta zubar da wasula, ta mai da sauran baƙaƙe lambobi uku bisa kusancin furucinsu. Idan aka gwada ta da sunayen da aka saba da su a Nijeriya, za a ga amfaninta da kuma iyakarta. Muhammadu da Mohammed duka suna komawa M530, Sakkwato da Sokoto kuma S230, don haka na'ura za ta haɗa su. Amma Mamman yana komawa M550, ya fita daga sahu. Usman yana zama U255, Uthman U355, Osman kuwa O255, watau suna ɗaya ya rabu gida uku. Irin wannan gazawa a kan sunayen Gabashin Turai ce ta sa aka fito da tsarin Daitch-Mokotoff a 1985, kana a 2008 shi Morse ɗin da wani masanin sunaye, Alexander Beider, suka fito da tsarin da ke fara tantance harshen da suna ya fito kafin ya kwatanta furuci.

Akwai kuma abin da babu wata dabarar furuci da za ta iya warwarewa. Babu lissafin da zai gaya wa kwamfuta cewa Garba da Habu da Buba da Bukar duk Abubakar ne, ko Sanda laƙabin Umaru ne, Shehu na Usman, Maitama na Yusufu. Wannan sai an zaunar da mutanen da suka san harshe da al'ada su tsara jadawalin sunaye da laƙubbansu, a ɗora shi a bayan gurbin bincike. Ƙungiyar gidajen adana takardun tarihi ta duniya ta fito da ƙa'ida a kan haka a 1996, wadda ake kira ISAAR, inda ta tanadi cewa a bai wa kowane mutum suna ɗaya tsayayye, sa'annan a rataya masa duk sauran siffofin da aka san shi da su. Ta haka ne wanda ya rubuta Usman ɗan Fodiyo, da wanda ya rubuta Uthman ibn Fudi, da wanda ya rubuta Usman dan Fodio ba tare da ƙugiyar harafi ba, duk za su faɗa a shafi guda.

Shekara, wuri da jerin amsa

Bayan suna sai kwanan wata. Mutane da yawa da ke cikin tsofaffin takardu ba su san ranar haihuwarsu ba, abin da aka rubuta musu ƙiyasin akawu ne, kuma ba abin mamaki ba ne a ga shekarun mutum ɗaya sun saɓa daga wannan takarda zuwa waccan. Don haka manyan shafukan wannan sana'a suke barin mai bincike ya rubuta shekara, ya kuma zaɓi a ƙara ko a rage shekara biyu ko biyar ko goma. Sunan wuri ma haka yake, domin garuruwa suna sake suna, iyakoki kuma suna motsi. Wanda aka haifa a Lardin Zazzau zamanin Turawa, jikansa zai neme shi ne a Jihar Kaduna, kuma aikin mai tsara shafi ne ya haɗa tsohon suna da sabo.

Idan amsa ta fito, yadda aka jera ta shi ne mataki na gaba. Jerin mutum ɗari uku masu suna iri ɗaya ba shi da amfani idan ba a sa wa kowanne abin da zai bambanta shi ba, kamar shekarar haihuwa da ta rasuwa, da gari, da sana'a. Wani malamin jami'ar Maryland, Ben Shneiderman, ya shimfiɗa ƙa'ida a 1996 wadda har yanzu ake koyarwa, cewa a fara nuna wa mutum faɗin abin da ke akwai, sa'annan a ba shi hanyar tacewa da matsowa kusa, cikakken bayani kuwa sai ya nema. Ƙamus ɗin tarihin mashahuran mutanen Birtaniya na Oxford ya nuna amfanin tacewa. Lokacin da sabon bugunsa ya fito a 2004, kundi 60 ne mai ɗauke da tarihin mutane fiye da 50,000, kuma a takarda ta harafin farko na suna ake bi. A shafinsa na intanet kuwa, ana iya neman mutane ta sana'a, ko garin haihuwa, ko zamanin da suka rayu, abin da zai ɗauki mai karanta kundayen watanni.

Har ila yau, ƙwararru sun yi ittifaƙi cewa a riƙa nuna hoton ainihin takardar kusa da abin da aka kwafo daga cikinta, tare da lambar da za a same ta da ita a taska. Gani ya kori ji. Lauyan da ke bin shari'ar gado, ko ɗan jaridan da ke rubuta tarihin wani attajiri, ba zai dogara da kwafi ba sai ya ga asali. Daɗin daɗawa, idan aka ba masu bincike damar aiko da gyara, kowane abokin ciniki ya zama mai taya kamfani aiki kyauta. Shafin da ke nuna cewa ba a sami kowa ba shi ma yana bukatar kulawa, domin a nan ne aka fi rasa abokin ciniki. Maimakon a bar mutum da farin allo, sai a ba shi sunaye makusanta, a kuma gaya masa shekaru da yankunan da rumbun bai ƙunsa ba, don kada ya ɓata lokaci yana neman abin da ba a ajiye ba.

Cunkoso da kuɗin shiga

Kyawun tsari ba ya hana shafi durƙushewa idan ba a yi lissafin jama'a daidai ba. Ranar 2 ga Janairu, 2002, ofishin adana takardun gwamnatin Birtaniya tare da kamfanin QinetiQ suka buɗe shafin ƙidayar 1901 ta Ingila da Wales, mai sunaye kimanin miliyan 32. An shirya shi ne don ɗaukar masu bincike miliyan 1.2 a rana, amma waɗanda suka yi yunƙurin shiga sun ninka haka, cikin 'yan kwanaki aka rufe shi, kuma sai da aka shafe watanni kafin a sake buɗewa. Kuɗin da za a samu a lokacin da ɗokin jama'a ke kan ganiyarsa ya salwanta.

Amurka ma ta ga nata. Dokar ƙasar ta tanadi a ɓoye bayanan mutane na ƙidaya har shekaru 72. Da aka saki ƙidayar 1940 a watan Afrilu na 2012, hotuna ne kawai babu fihirisar sunaye, sai mutum ya san gundumar ƙidayar da kakansa ya zauna kafin ya fara bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, har sai da 'yan sa-kai suka kwafe sunayen bayan 'yan watanni. Da lokacin sakin ta 1950 ya zo a Afrilun 2022, hukumar ta yi amfani da na'urar karanta rubutun hannu ta samar da gurbin neman suna tun ranar farko, ta kuma buɗe wa jama'a hanyar gyara abin da na'urar ta karanta ba daidai ba.

Ta fuskar kuɗi, tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne a bar bincike kyauta, a karɓi kuɗi a kan cikakken bayani. Lokacin da kamfanin Findmypast ya saki ƙidayar 1921 ta Ingila da Wales a watan Janairu na 2022, mai ɗauke da mutane kusan miliyan 38, ya sa fam 2.50 a kan kwafin bayani, fam 3.50 kuma a kan hoton takarda. A irin wannan ciniki, jerin amsa shi ne teburin baje haja. Idan ya nuna kaɗan ƙwarai, mai saye zai biya kuɗi ya tarar ba mutuminsa ba ne, ya yi fushi ya tafi. Idan kuma ya nuna komai, babu dalilin biya. Samun tsaka-tsaki shawara ce ta kasuwanci wadda bai kamata mai jari ya sakar wa injiniya shi kaɗai ba.

Abin da ya shafi Nijeriya

Nijeriya ba ta rasa kayan aiki ba. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1954 bisa ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike, yana da manyan rassa a Ibadan da Enugu da Kaduna, cike da fayilolin ma'aikata da na sarautu da rahotannin larduna. Gidan Arewa da ke Kaduna yana da nasa tarin. A 1990 mujallar Newswatch ta buga kundin tarihin fitattun 'yan Nijeriya wanda Nyaknno Osso ya tace, kuma daga baya Osso ya kafa gidauniyar BLERF wadda ta ɗora irin waɗannan bayanai a intanet. Masu bukata kuwa suna da yawa: bankuna da kamfanonin da ke son sanin tarihin wanda za su yi hulɗa da shi, da lauyoyi, da gidajen jarida, da ɗalibai, da masarautu, da 'yan ƙasa mazauna waje masu neman tushensu.

Amma duk wanda ya sayo tsarin da aka gina don Turai ya ɗora a kan takardun Nijeriya ba tare da gyara ba, zai gamu da cikas tun a gurbin farko. Tsarin Turai yana tilasta a raba suna gida biyu, na yanka da na dangi. A Arewa kuwa, abin da ke bin sunan yanka yakan zama sunan uba, ko na gari, ko sana'a, ko sarauta. Tafawa Ɓalewa da Shagari sunayen garuruwa ne, haka ma Kano a sunan Malam Aminu Kano, kuma 'ya'yan mutum ɗaya suna iya ɗaukar sunaye na biyu daban-daban. Jama'a da yawa sun fi sanin Sir Ahmadu Bello da Sardauna, alhali sarauta ce da wasu suka riƙe kafinsa da bayansa, don haka sai an haɗa kowace sarauta da shekarun da mutum ya riƙe ta. Gurbi ɗaya mai faɗi wanda zai karɓi suna ko laƙabi ko sarauta ya fi dacewa da wannan ƙasa.

Haka nan, rubuce-rubucen malamai da na fada da yawa da shekarar Hijira aka yi musu kwanan wata, wadda ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, har shekara ɗaya ta Hijira takan ratsa shekaru biyu na Miladiyya. Ya kamata shafi ya nuna duka biyun, ya kuma bayyana wadda ke cikin takarda da wadda aka lissafo. Tilas ne kuma gurbin bincike ya ɗauki ɗ da d, ƙ da k, ɓ da b a matsayin abu ɗaya, tun da tsofaffin tafiretoci ba su da ƙugiya, wayoyi da dama ma ba a saita musu ita ba. Da yake galibin 'yan Nijeriya ta wayar hannu suke shiga intanet, kuma da kuɗinsu suke sayen data, hoton takarda mai nauyi sai a bari har mutum ya nema. Game da mutanen da ke raye kuwa, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai rumbu alhaki, saboda haka adireshin gida da lambar waya da bayanin lafiya ba abubuwan bajewa ba ne.

Gano inda tsari ya gaza ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Jakob Nielsen, wanda ya yi suna a wannan fanni, ya bayyana a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kacal yakan tona kimanin kashi 85 cikin 100 na matsalolin da ke cikin fuskar shafi, kuma ya fi kyau a yi ƙananan gwaje-gwaje sau da dama ana gyara, da a yi babba sau ɗaya. Ga mai jarin da ke shirin shiga wannan harka, ma'anar hakan ita ce, kafin ya kashe miliyoyin naira wajen ɗaukar hotunan takardu, ya zaunar da ɗan kasuwa da lauya da ɗalibi da dattijo da ɗan jarida, ya ba kowannensu sunan mutumin da aka tabbatar yana cikin rumbun, ya yi shiru ya ga ko za su same shi, da kuma minti nawa abin zai ɗauke su.